Furen Hofs a Gidan Baba Ɗantsoho

A Kekun Waje, duk wanda ya sayo taki a kasuwar Bungudu kuma zuciyarsa ba ta kwanta da shi ba, wurin Baba Ɗantsoho yake kai shi. Baba zai ɗebi cokali ɗaya, ya zuba a kofin gilashi, ya ƙara ruwa, ya juya, sannan ya ɗaga kofin yana duban abin da ya kwanta a gindi. Idan yashi aka cuɗa, miƙo maka kofin yake yi ka gani da idonka. Maganin feshi ma ba ya yarda a auna shi da murfin jarka. Yana da wani tsohon sirinji da yake ɗaurayewa sau uku kafin ya mayar da shi jaka. Mutane suna yi masa dariya, kuma suna zuwa.

Idan baƙo ya tambayi inda ya koyi wannan tsantseni, amsar a bakin kowa take: ai ya yi aiki a kamfanin lemon kwalba a Kaduna. Haka 'ya'yansa suka sani, haka jikokinsa. Haka ma matarsa, Inna Hajjo, ta sani shekara arba'in da uku. Amma ba kamfanin lemo ba ne, kamfanin giya ne. Kuma duk duniya babu wanda Baba yake tsoron ya ji wannan magana kamar Inna Hajjo.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da nasu. Mafi yawan abin da zan faɗa daga bakinsa na ji, a gindin durumin ƙofar gidansa, saura kuma daga bakin Inna da na jikarsu. Shi ya ce in rubuta. Ya ce ya gaji da riƙo.

Sunansa na yanka Isah. Sunan kakansa aka mayar masa, shi ya sa ake ce masa Ɗantsoho tun yana goye. Ya yi firamare a Bungudu, ya kai aji uku a sakandare a Gusau, sai mahaifinsa ya rasu, karatu ya tsaya nan. A shekarar 1977 ya hau jirgin ƙasa ya tafi Kaduna neman abin da zai riƙe mahaifiyarsa da ƙannensa huɗu. Ya yi wata biyu yana dako a kasuwa, sai wani direba mutumin Gusau ya gaya masa ana neman mai wanke kayan gilashi a wani kamfani, amma sai wanda ya iya karatun boko. Bai tambayi abin da kamfanin yake yi ba. Sai da ya isa bakin ƙofa, iska ta bugo masa warin tsiron hatsi da ake dafawa, sannan ya gane.

"Na tsaya nan na ce wata ɗaya zan yi," in ji shi. "Wata ɗayan nan shi ya zan shekara goma sha ɗaya."

A ɗakin gwaji aka sa shi. Da farko wanki kawai yake yi, daga baya Baturen da ke shugabantar ɗakin ya lura hannunsa ba ya rawa, ya koya masa awo da ma'aunin nan mai ƙofar gilashi, wanda ko numfashi aka yi kusa da shi sai allurarsa ta motsa. A nan ya fara ganin hofs. Fure ne na wani tsiro mai yaɗo da ba ya fitowa a ƙasarmu, sai a ƙasashen sanyi. Kore ne, girmansa bai wuce kan babban yatsa ba, ganyensa a jere bisa juna kamar ɓawon kifi. Idan ka ɓare shi za ka ga wata hoda rawaya a maƙale a gindin ganyen, mai danƙo. Wannan hodar ake bi, ita ke ba giya ɗaci da ƙamshi.

Duk lokacin da aka kawo sabon kaya, Baba ake turawa ɗakin sanyi ya ɗebo. Zai murza furen tsakanin tafukansa ya shinshina. Mai kyau yana ƙamshi kamar ɓawon lemo da ɗanyar ciyawa, hodarsa rawaya sosai. Wanda ya sha iska ko zafi kuwa, hodar takan koma ja-ja, ya yi wari kamar man shanun da ya daɗe a ƙwarya. Ya kai har Baturen ba ya sa hannu a takarda sai ya tambayi hancin Isah. Giyar kanta bai taɓa kai ta baki ba, sun yi sun yi ya ɗanɗana ya ƙi. Amma bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin wanke kai ba. Ya san hukuncin mai taimakawa a yi ta.

Yana shekara ta uku a aikin aka nema masa Hajjo, 'yar Malam Mas'udu na 'Yandoto. Gidan malamai ne tun kaka da kakanni, kuma Malam Mas'udu mutum ne da ya taɓa mayar da mai neman 'yarsa saboda an gan shi a gidan kallon dambe ranar Juma'a. Da aka je gaisuwa, ya sa aka kira Isah cikin zaure, ya dube shi ya ce, "An ce kana aikin awo a Kaduna. Mi kaka aunawa?"

"Ruwa da sukari, Malam."

"Ashe lemo ke nan."

Isah ya sunkuyar da kai bai ce komai ba. Daga wannan shirun kamfanin lemo ya samo asali.

Bai taɓa kai Hajjo Kaduna ba. Ya bar ta wurin mahaifiyarsa a Kekun Waje, yana zuwa ƙarshen wata. Kafin ya hau jirgi sai ya yi wanka sau biyu, ya sa tufafin da yake ajiyewa a ɗakin wani tela, waɗanda ba su taɓa shiga kamfanin ba. Ranar da ya bar aikin kuwa, a 1988 ne, lokacin da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir, kamfanoni suka koma sayen dawa. Aka kawo masa awo daga buhunan farko. Ya jefa ƙwaya ɗaya a baki ya tauna don ya ji bushewarta, kamar yadda ya ga ubansa yana yi a bakin rumbu. Kaura ce, irin wadda suke nomawa a gonarsu. Ya ce muddin kayan daga ƙetare suke zuwa, yana ganin abin kamar ba nasa ba ne. Ran nan ya ga abincin gidansu a kan ma'auni. Watan bai ƙare ba ya dawo gida ya ɗauki fartanya, bai sake komawa Kaduna ba ko da ziyara.

Daga nan rayuwarsa ta zama irin ta kowa: gero, dawa, wake, 'yan tumaki, 'ya'ya shida. Shekara takwas da suka wuce aka gano yana da ciwon suga, yana karɓar ƙwayoyi a asibitin Bungudu. Ya yi tuba tun tuni, ya sha yi. Abin da ya kasa shi ne buɗe baki ya gaya wa 'yar Malam Mas'udu cewa da ƙarya aka ɗauko ta daga gidan ubanta.

Jikarsu Bara'atu, 'yar babban ɗansu Lukuman, a hannunsu ta tashi. Ita ce ta farko a gidan da ta shiga jami'a, tana karanta ilimin sinadarai a Gusau. Bara, tana shekarar ƙarshe, ta zo hutun Sallar Layya da jaka a kafaɗa. Ta shigo ta iske Baba a rumfa, ta ciro wasu ledoji biyu masu ƙyalli kamar azurfa, a matse, babu iska a ciki.

"Tsoho, zo ka ga dukiyar da ba ka taɓa kawo mini irinta ba."

"Amarya, in dukiya ce wagga, ta yi ƙanƙanta. Sake miji za ki yi?"

"Wa zai tsaya da mai haƙori shida?"

"Bakwai ne. Ƙirga da kyau."

Ta miƙa masa leda ɗaya. Ya nisanta ta da idonsa ya karanta rubutun da ke jiki, sai dariyar ta ɗauke masa. Ya mayar mata da sauri kamar ta ƙona shi.

Bara'atu ba ta lura ba. Ta zauna tana yi wa Inna bayani. Malamarta ce wata abokiyar aikinta ta aiko wa furen daga ƙetare, leda biyu kacal, kuma a kansu aikin kammala karatunta ya rataya. A cikin hodar furen akwai wani sinadari rawaya da ake kira zantohumol, kaɗan ne ƙwarai, da wuya ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari. Aikinta ta ciro shi ta nuna shi ne. An rufe makaranta, firijin ɗakin gwaji ba shi da tabbas saboda wuta, shi ya sa ta taho da su ta sa a gindin randa inda yake da sanyi.

"To mi shika yi, shi abin?" Inna ta tambaya.

"Masana na bincike a kansa, Inna. Suna duba ko yana rage kumburi a jiki, ko yana taimakawa wajen kitse da suga."

Ba ta faɗi abin da Turawa suke yi da furen ba. Ta san kakarta. Baba ya lura da tsallaken, ya ce a ransa, ashe mu biyu ne muke ɓoye wa mace ɗaya abu ɗaya. Ita kuwa Inna, cikin dukan bayanin nan kalma ɗaya ta riƙe: suga.

Washegarin Sallah Bara'atu ta tafi Bungudu kai wa gwaggonta nama. Da hantsi rana ta buɗe bayan ruwan da aka kwana biyu ana yi. Baba yana rumfa yana juya naman da aka rataya, sai wani ƙamshi ya zo masa wanda rabonsa da shi shekara talatin da biyar. Ya waiga. Inna ta yanke leda ɗaya da wuƙa, ta baje furen a faifai, ta ɗora bisa rufin akurkin kaji inda rana ta fi bugawa.

"Hajjo, kayan yarinya ne hwa."

"Na sani, shi ya sa nike gyara mata. Wa ya taɓa ƙulle ganye cikin leda da damina? Hunhuna za shi yi. Su 'yan boko komai sai a leda."

Ya san abin da rana take yi wa wannan fure. Ya san kowace sa'a da ya yi a faifan nan, wani abu yana mutuwa a cikinsa. Ya buɗe baki, sai ya ga tambayar da za ta biyo baya tana jiransa: ina ka sani? Ya rufe bakin, ya ci gaba da juya nama.

Bayan azahar ta sauke faifan. Ta ga furen bai wuce cikin tafi biyu ba, ta ce ai ragowar leda guda ta ishi yarinya. Ta juye shi a tukunya, ta zuba ruwa, ta jefa gutsuren jar kanwa kamar yadda ake yi wa kowane sassaƙe don ya saki ƙarfinsa, ta hura wuta. Tururin ya cika tsakar gida. Baba ya ce da ya rufe ido, sai ya gan shi tsaye kusa da manyan tukwanen jan ƙarfe na kamfani, da farar riga a jikinsa. Ta tace, ta kawo masa a kofin silba.

"Ungo. Jikarka ta kawo maganin suga har gida, tana shirin kai wa Turawa su ci riba. Sha da bisimilla."

Ya karɓa da hannu biyu, ya sha. Ya ce ɗacin sai da ya ji shi har cikin kunne.

Da Bara'atu ta dawo da la'asar ta ga ledar a yashe kusa da murhu, sai ta zauna a dokin ƙofa da mayafinta a ka. Ba ta yi kuka mai sauti ba, don ba a yi wa kaka faɗa. Hawaye kawai suke zuba. Inna ta rikice, ta ɗauko tukunyar tana nuna mata.

"Ga shi nan, ban zubar ba! Duk ƙarfin nashi na cikin ruwa, sai ki ɗura a gora."

Bara'atu ta share ido. Ta cire awarwaro biyu daga hannunta, ta ɗaure su da ɗan guntun zare, ta ajiye a tabarma.

"Kin ga, Inna, haka ƙirarsa take, zobe biyu da 'yar igiya a tsakani, a buɗe. In ya sha tafasa, igiyar nan sai ta lanƙwashe ta kama zobe ɗaya ta rufe, ta zama zobe na uku. Shi ke nan ya zama wani sinadari dabam, ɗan uwansa ne amma ba shi ba ne, rawayar ma sai ta kode. Kanwa kuwa hanzarta abin take yi. Kuma dama ba ya son narkewa a ruwa."

"To ko maganin ma bai yi ba ke nan?"

"Ai ba magani ba ne tukuna. Yawancin gwajin a kwalba aka yi shi, sai a jikin ɓeraye. Wanda aka yi wa mutane kaɗan ne, ba a kai ga cewa ga abin da yake warkarwa ba. Kada tsoho ya bar ƙwayoyinsa na asibiti."

Inna ta riƙe haɓa. "Ashe maganin ɓera na ba mijina."

Da safe Bara'atu ta kira malamarta a waya. Malamar ba ta yi faɗa ba, amma ta faɗa mata gaskiya: babu wata leda ta uku, kuma ba za a samu ba kafin lokaci ya ƙure. Idan wadda ta rage ta lalace, sai ta sake wani aikin daga farko, ba za ta fita tare da 'yan ajinsu ba.

Inna ta kwana da abin a ranta, tana neman hanyar gyara ɓarnarta. Ta tambayi jikarta yadda ake farawa, Bara'atu ta karanto mata daga takardar da aka raba musu a aji, wadda aka saba bi wajen zogale da shuwaka: a busar da ganye, a daka ya yi laushi. Inna ta ce in dai daka ne, an zo wurin. Ranar Asabar da yamma ta wanke turminta da toka, ta ɗauraye, ta kife ya tsane. Bara'atu ta ɗauko leda ta biyu, ta ɗauko almakashi.

Baba yana zaune a tabarma da carbi a hannu. Ya dubi turmin da ya sha daddawa da barkono shekara ashirin. Ya san hodar nan danƙo gare ta, taɓarya biyu za a sauke ta manne a itace, abin da za a kwashe ɗin ganye ne kawai. Ya dubi jikarsa, idonta a kumbure. Almakashin ya kama bakin ledar.

"Kada ki buɗe!"

Bai san ya ɗaga murya haka ba, har kaji suka watse. Ya miƙe ya karɓe ledar daga hannunta.

"Ba a daka shi. Ba ganyen kike nema ba, hodar ciki ce, kuma a turmi za ta liƙe. Sai an sanyaya shi da ƙanƙara har danƙon ya ƙage, sannan a murza a hankali bisa rariya mai laushi, hodar ta zubo ita kaɗai. A inuwa, da sassafe. Ba a buɗe shi sai ranar da za a yi aiki. A sa a baƙar kwalba, a cika ta, kada a bar wa iska wuri. In kin kai makaranta ki jiƙa shi a sifirit ɗinku da sanyinsa, kada ki kai shi wuta."

Bara'atu tana kallonsa baki buɗe.

"Tsoho, ina ka san wannan?"

Ya gaya mini cewa ƙarya ta zo masa har bakin harshe, a shirye: ai a kamfanin lemo ma ana amfani da shi. Da ya faɗa, da an yarda. Amma ya ji ya gaji, gajiya irin wadda ba ta barci ba. Ya koma ya zauna, ya dubi Inna, ba jikar ba.

"Hajjo, huren ga giya aka yi da shi. Shekara goma sha ɗaya ina auna shi. Kamfanin da na yi wa aiki a Kaduna ba na lemo ba ne. Ban taɓa sha ba, Allah shina gani, amma da hannuna anka yi ta. Na bar Malam ya ɗauka lemo ne, don na san in ya ji ba ya ba ni ke."

Inna ta dubi turminta, ta dubi kofin silbar da ke kife a kan kwando. Ta ɗauki taɓaryar ta jingine ta a bango a hankali, ta shiga ɗaki ta saki labule.

Ranar Litinin da asuba aka kawo ƙanƙara daga Bungudu a cikin kula. Baba da Bara'atu suka binne ledar a ciki har ta yi sanyi ƙarara, sannan Baba ya yanke ta a inuwar zaure. Ya murza fure ɗaya ya shinshina, ya ce lafiyarsa lau. Da suka waiga neman rariya, sai suka ga sabuwa fil a ajiye a bakin ƙofa, wadda Inna ta saya ba ta taɓa sa wa gari ba. Baba ya fara tankaɗe, amma hannun da Bature ya yaba yanzu rawa yake yi, ganye yana tsallakewa yana faɗawa cikin farantin. Sai ga Inna tsaye a kansu.

"Bara'atu, hwaɗa wa kakanki ya matsa. Tankaɗe ba aikin maza ba ne."

"Tsoho, an ce ka matsa."

"Na ji. Hwaɗa mata ta bi a hankali, kada tafinta ya ɗumama shi."

"Hwaɗa mishi tun ba a haifi ubanki ba nike tankaɗe."

Ta zauna ta karɓi rariyar, tana kaɗa ta da gefen hannu, tas, tas, tas. Hoda rawaya ta riƙa sauka a farin faranti, siririya, har ta taru ta kai cikin cokali biyu. Aka ɗura a baƙar kwalbar magani da Baba ya dafa ya busar tun jiya, aka naɗe da baƙin ƙyalle, aka mayar cikin ƙanƙara. Kafin rana ta yi zafi Bara'atu tana cikin motar Gusau da kula a cinya.

Daga nan gidan ya koma shiru. Inna tana dafa abinci, ta ajiye masa a rumfa ta juya. Ba ta gaishe shi, ba ta kiran sunan da take kiransa da shi, wato Malam. Rana ta huɗu ya ji tana waya da yayanta na 'Yandoto a cikin ɗaki, murya ƙasa-ƙasa. Ya kasa cin tuwon ranar. Duk sanda ya dawo daga gona, sai ya fara leƙa igiyar shanya ya ga ko zannuwanta suna nan. Ni kaina na ga ya faɗa a 'yan kwanakin nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, amma da na tambaya sai ya ce sugan ne.

Rana ta tara, bayan la'asar, wayar Inna ta yi ƙara. Bara'atu ce. Inna ba ta iya rage murya ba, don haka har rumfa Baba yana ji.

"Inna, ya fito! Mun ɗiga a farantin gwaji, rawayar ta hau ta tsaya daidai inda ya kamata ta tsaya. Malama ta sa an kai na'ura, ita ma ta nuna shi ne. Ta ce wa ya koya mini tankaɗe da ƙanƙara, na ce kakannina. Ba ta yarda ba! Ina tsohon mijina? Ki ce masa na fasa sakinsa."

"Alhamdu lillahi. Allah shi yi miki albarka, ɗiyata. Za shi ji."

Ta kashe wayar. Sannan ta nufo rumfa.

"Malam."

"Na'am."

"Kwana tara ina juya zancen ga. Na kira yaya in hwaɗa mishi, na ƙare da tambayar lafiyar shanunshi. Ka yi wa ubana ƙarya. Shi ya riga mu, can za ku gamu, sai ka shirya abin da za ka ce mishi. Aikin kuwa ka bar shi tun shekarar da anka yi wa Lukuman kaciya, ban kuma ga ka waiwaye shi ba. Wannan tsakaninka da Allah ne, ya fi ni sanin tuba. Nawa ƙorafin guda ne."

"Ina ji."

"Kana zaune bisa tabarmar ga, ka san abin sarai, ka bar ni na shanya karatun jikata a rana, na dafa shi da kanwa. Har ka miƙo hannu biyu ka karɓi kofi!"

"Tsoro ne, Hajjo."

"Tsoron wa?"

"Naki."

Ta dube shi daga sama har ƙasa, tsoho mai shekara sittin da shida da furfura har gira. Ta yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi, dariya ta ƙwace mata har tana dafa ginshiƙin rumfa.

"Da ɗaci?"

"Kamar maɗaci."

"Ya yi maka daidai. Da na sani da na ƙara maka kofi na biyu."

Ta ce 'ya'yansa shida da bakinsa zai gaya musu, ɗaya bayan ɗaya, kafin su ji a wani wuri. Ya ce ya yarda. Ya ɗauka maganar ta ƙare, ya jawo kwanon abincin da ya huce tun rana, don yunwar kwana tara ta taso masa gaba ɗaya. Sai ya ga ta jawo kujerar tsuguno ta zauna a gabansa, ta gyara ɗaurin zane.

"Ci kana magana. Shekara goma sha ɗaya na rayuwar mijina ban san komai a kansu ba, sai lemo. Fara daga farko, kada ka tsallake mini ko kwana guda."

Har aka kira sallar magariba bai gama ba ta labarin wata na biyu ba.